Karkatacciyar Ƙotar Baba Saje

Har gobe ban manta da ranar da na hango wani shuɗin zani yana shigowa shagonmu na Zuru ba. An naɗe bindiga a cikinsa kamar jaririya, kuma mace ce ta rungumo ta: Mama Rifkatu, matar Baba Saje Ɗanladi, tsohon soja mutumin Manga.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, bindigar farauta kawai muke taɓawa, ita ma sai mai lasisi. Maigidana, Malam Audu, shi ke da ƙarfe da cika harsashi. Ni Bala nawa itace ne, ina sassaƙa ƙota, wato gindin da ake dafawa a kafaɗa. Dokar shago ɗaya ce: bindiga ba ta fita sai mai ita ya harba a gabanmu.

Ta Baba Saje tsohuwa ce, irin mai mariƙin ƙarfe a ƙasa, a ja shi a mayar, harsashi ya hau. Ƙotarta ta tsage. Gaduna sun addabi gonakin dawa, an sa farauta bayan kaka, kuma shi ke jan maharba tun da ya ajiye kaki. Bara ya harbi wani ƙato bai kashe ba, ya juyo ya farke cinyar wani maharbi. Matasa sun ce in ya sake kuskure bana, ya koma baya ya riƙe gora.

Mama ta rage murya ta ce, "Ɗana, ba bindigar ce ba. Idonsa na dama ne."

"Shi ya faɗa miki?" in ji Malam Audu.

"Wa? Soja? Sai dai a kabari. Tun aurenmu in za mu coci a damansa nake tafiya. Bara ya mai da ni hagu, wai saboda mashina. Mashina a hanyar gona?" Ta yi murmushi. "So yake ya riƙa ganina."

Ni da na tashi da littattafan soyayya na kasuwa a aljihu, sai na ji duk abin da na karanta bai kai wannan ba.

Akwai dabara. Ana sassaƙa ƙota a karkace, ta zauna a kafaɗar dama amma bakin bindiga ya daidaita da idon hagu. Sai dai dole a auna mutum, kuma Mama ta roƙe mu kada Baba Saje ya sani. Da ya zo ranar kasuwa na ce al'adata ce in auna kowa. Na auna kafaɗa da kumatu da tazarar idanu.

"Kai massassaƙi ne ko tela?" ya ce. "Hula zan sa ko bindiga?"

Na samu busasshen icen maɗaci na duƙufa. Ban taɓa yin aiki da fargaba irin wannan ba, don in na kauce kaɗan, na ƙarasa mutuncin dattijo da hannuna. Malam Audu kuma ya cika harsasan da kansa, tunda irinsu sun daina zuwa kasuwa, ya daidaita su yadda ba za su daki tsohuwar kafaɗa ba.

Ranar gwaji muka fita gindin dutse bayan gari, har da Mama, muka kafa tuluna biyu. Da na kwance zanin, Baba Saje ya kwashe da dariya.

"Audu, yaronka ya sha burkutu ne? Wannan ƙota ce ko ƙafar kare?"

"Ɗaga dai, ranka ya daɗe."

Ya ɗaga, ya kwantar da kumatu. Dariyar ta ɗauke. Ya daɗe a haka, yana kallon tulun da muka kafa kamar mai kallon wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Ya harba, tulun ya tarwatse. Ya sake, na biyu ya bi shi.

Bai dube mu ba. Ya juya hagunsa, inda Mama ke tsaye.

"Maman Ishaya, ke ce."

"Ni me na sani a bindiga?" ta ce, tana gyara ɗankwali.

A farautar shekarar harbi ɗaya ya yi wa babban gadun. Ya ci gaba da jan maharba har ranar da shi da kansa ya ce ya isa.

Abin da na koya ke nan, ku da kuke shigowa aikin yanzu: mai bindiga zai gaya muku laifin bindiga, ba zai gaya muku nasa ba. Ku saurari wanda ya rako shi.

Bayan shekaru idon hagun ma ya tafi. Baba Saje ya miƙa ƙarfen ga hukuma yadda doka ta ce, amma ya sa na cire masa ƙotar, tana rataye a ɗakinsa. Ran Lahadin da ta wuce na gamu da su a hanyar Manga, Mama na riƙe da hannunsa. Na gaishe su, na ce, "Baba, yanzu ai ko'ina ta tsaya ɗaya ne."

Ya ce, "A'a, ɗana. Nan na gan ta ƙarshe."

Tana hagunsa.