Ranar da Na Ɓuya wa Ɗan Birin da Na Raina

Assalamu alaikum. Daga Makka nake rubuto muku, kuma na daɗe ina neman inda zan sauke abin da ke cina. A lokacin da abin ya faru ni bazawara ce, na zo umara na maƙale, ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, ina raɓe a unguwar Nakkasa a ɗakin wata 'yar garinmu. Ita ta samo min aikatau a istirahar wani attajiri, wato gidan hutunsa da ke bayan gari, inda yake kiwon barewa da ɗawisu. Aikina shara da wanki.

Wata rana babban ɗan mai gidan ya shigo da kwali ya dire a bakin kicin. Da na leƙa sai na ga ɗan biri baƙi marar wutsiya, ba irin bikan da ke tare motoci a hanyar Hada ba. Mutanen gidan suna ce masa shambanzi, mu kuma biri mai ganga. Haƙarƙarinsa duk a waje, igiya ta ci masa ƙugu har wurin ya yi ruwa. Duk wanda ya miƙa hannu sai ya dunƙule ya juya baya. Ni dai Hausa na yi masa, irin lallashin da ake wa jariri, sai ya kama yatsana, ya haye jikina ya ƙanƙame. Nan take madam, uwargidan, ta ce an sauke min shara, in riƙe shi.

Haka na zama uwar biri. In goya shi da zani, in dama masa madara a kwalba, in canza masa ƙunzugu. Yana cikin barci sai ya zabura ya tsala ƙara, sai na dafa bayansa yake lafawa. Wani likitan dabbobi ɗan Sudan da ke zuwa duba barewa shi ya gaya min dalili. Ya ce uwar irin wannan ba ta sakin ɗanta da ranta, sai an harbe ta a ɓamɓare shi daga gawarta. Ya kuma ja kunnena in riƙa barin sauran ma'aikata suna ba shi abinci, kada ya san ni kaɗai. Na ce to, amma ban yi ba. A gidan da ba a kirana sai da takaruniya, sunan da suke kiranmu baƙaƙen fata, ga wani rai da ba ya cin komai sai daga hannuna. Ban so in raba shi da kowa ba.

Ya yi ƙiba, gashinsa ya yi sheƙi, ɗan mai gidan ya shiga ɗaukar bidiyonsa yana sawa a waya duniya na gani. Wata safiya sai ga motocin hukumar kula da namun daji a ƙofa. Madam ta fizge shi daga bayana, ta tura ni ɗakin ajiyar ciyawa ta kulle, ta ce idan aka gan ni tarhil za a yi da ni zuwa gida, su ma su shiga uku. Shi kuwa ya san inda nake. Ya zo yana dukan ƙofar da tafin hannu, yana zura yatsunsa ta ƙasa. Ina ji wani jami'i ya tambayi wa ke rainonsa, domin suna son magana da shi, madam ta ce ai shagalar, wato 'yar aikin, ta yi tafiya. Na cusa mayafi a bakina. Aka yi masa allura, dukan ya yi ta raguwa har ya tsaya.

Bayan kwanaki likitan nan ya kira ni. Ya ce an kai shi cibiyar da ake kula da dabbobin da aka ƙwato, wuri mai tsabta, mutanen na iya ƙoƙarinsu, amma ya ƙi karɓar kwalba a hannun kowa. Ya nemi zanin goyon, na aika. Ya sake kira ya ce yana rungume da zanin, abinci dai ya ƙi, in daure in zo, shi zai yi musu bayani. Hanyar kuwa akwai shingen bincike. 'Yar ɗakinmu ta ce ko na haukace ne, a kama ni saboda biri. Na yi ta cewa gobe. Ranar da na yanke shawara na isa tashar mota ta Kudai, har na sami mota, sai waya ta yi ƙara. Likitan ne, ya ce in koma gida, Allah ya ba ni haƙuri, tun da asuba aka tarar da shi ya yi sanyi.

Ban san ko zuwana zai cece shi ba. Abin da na sani, da na ji maganar likita, da ya karɓi madara a hannun baƙo. Ina roƙon masu sayen 'ya'yan namun daji don ado, da 'yan'uwanmu masu yi musu dakonsu daga gida, su ji tsoron Allah, domin ba a samun irin wannan ɗan sai an kashe uwa. Ke kuma 'yar'uwa, idan aka damƙa miki renon wani rai, mutum ko dabba, a gidan da ba naki ba, ki bari ya saba da wasu hannuwan. Ranar da za a raba ku, ba za a tambaye ki ba.