Uwar Tsuntsaye, Mai Zanen Ƙasusuwa

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiyar da aka fi sani da Uwar Tsuntsaye a shekarar 1947, a wani gari da ke bakin fadama. Mahaifinta ma'aikacin asibitin dabbobi ne, mahaifiyarta kuma tela. Bayan ta kammala firamare a 1960 ta shiga kwalejin horon malamai, inda aka shaide ta da haƙuri da natsuwar hannu wajen zane.

Aiki

A 1968 makarantar likitancin dabbobi ta ɗauke ta aikin zana ƙwarangwal da kayan cikin tsuntsaye domin amfanin ɗalibai. A wani ƙaramin ɗaki mai warin magani, takan feɗe tsuntsun da aka tsinto matacce, ta zana huhu da ƙundu da hanji kafin launinsu ya sauya, sa'annan ta tafasa sauran, ta jera ƙasusuwan bisa baƙin ƙyalle, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da alƙalami.

Aure da Iyali

A 1971 ta auri wani direban jirgin ƙasa, mutum mai barkwanci, wanda yakan ce wa baƙi, "Ku yi haƙuri da yunwa, a gidan nan kaza ba ta shiga tukunya sai an gama zana ta." Allah ya yi masa rasuwa a 1998.

Asara

A daminar 1989 rufin ɗakin da ake ajiye zane-zanenta ya rufta, ruwa ya cinye zanen shekara ashirin. A lokacin an riga an cike fadamar da gine-gine, gauraka da zalɓe sun ƙaura, babu inda za a sake samo su. Ta koma aikin daga farko. Waɗanda ba ta samu ba ta zana su da ka, ta rubuta a ƙarƙashin kowanne: "Yadda na tuna shi." Da babbar 'yarta ta ce ai babu mai gane bambanci, sai ta amsa, "Ƙashin ba ya gabana, 'yar nan. Ɗalibai su san haka."

Ƙarshen Rayuwa

Ta yi ritaya a 2002. Ganinta ya raunana, amma ba ta daina haɗa ƙananan ƙasusuwa da lalube ba, tana faɗin sunan kowanne a hankali kamar mai kiran tsofaffin maƙwabta.

Rasuwa

Ta rasu a 2019 bayan gajeriyar jinya, aka yi mata sallah a ƙofar gida, aka binne ta kusa da mijinta. Ta bar 'ya'ya huɗu: Babbar Yaya, ungozoma; Makaniki; Malama; da Auta, wanda ya gaji ɗakinta, ya tarar da ƙwarangwal ɗin kurciya a kan tebur, saura fiffike ɗaya ba ta haɗa ba, har yau kuma goge ƙura kawai yake yi a gefensa.