Ungulayen Bayan Filin Jirgin Garwa

Asabar: Kuseri zuwa Marwa

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gidanmu a Kuseri, zamanin shugaban ƙasarmu na farko, ina ɗan shekara ashirin da biyu. Mahaifina mahauci ne, kakana ma haka. Ni kuwa tun ina lakwal, wato makarantar boko, ba ni da aiki sai ɗaga kai sama duk lokacin da jirgi ya tashi daga tsallaken kogi. Sai ga labari mujallar sojan sama ta Yawunde tana neman wakili guda ɗaya a arewa, za a yi gwaji a Garwa ranar Talata. Baba ya ce, "Je ka. In ba ka samu ba ka dawo pawa, kuma kada in ƙara jin zancen jirgi a gidan nan."

Motar da ke ɗaukar bandar kifi na samu. Direban, Abakar, Bashuwa ne mai barkwanci. Ya dubi farar rigata ya ce, "Hau kan buhu, ɗan boko, kifi ba ya cizo in ya mutu." Ƙarfe sha ɗaya muka iso Waza, raƙuman dawa suna leƙenmu ta saman ƙaya. Jandarman da ke shingen bincike ya juya takardata gaba da baya, ya shinshina ni, ya ce da Faransanci, "Da wannan warin za ka shiga jirgi?" Da la'asar sakaliya muka shiga Marwa. Wani Modibbo, malamin Fulani, ya sauke ni a zaurensa, aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa. Kai, har yau ban ƙara cin irinsa ba.

Lahadi da Litinin: Garwa

Daga Marwa zuwa Garwa kilomita ɗari biyu ne da 'yan kai. Mun tashi ƙarfe shida, mun sha kindirmo a Figil, azahar ta yi mana a gari. Zafin Garwa ba a ba da labarinsa, sai wanda ya taka ƙasar.

Na sauka gun Baba Isa, aminin mahaifina, mahauci mai ƙaramar mayanka can bayan wayar shingen filin jirgi. Ya rungume ni ya ce, "Ɗan Haruna! Kai ne za ka fitar da mu kunya, a ce mahauta ma suna da marubuci?" Matarsa ta wanke rigata sau uku kafin ƙarnin banda ya fita. Ranar Litinin na raka shi aiki. Su takwas ne a wurin, suna yanka da sassafe, wajen ƙarfe takwas su zubar da dattin tumbi a wani rami.

Talata: gwaji

Mu shida ne. Editan mujallar, wani gajeren mutumin kudu da muke kira Mushe, ya jera mu a inuwar rumfar jirage tare da wani ajidan, ƙaramin hafsan sojan sama. Ya ce, "Awa biyu. Ku duba, ku rubuta shafi ɗaya. Ban da lambar jirgi, ban da yawansu. Wanda ya rubuta su, ba ni zai gani ba, jandarma zai gani."

Lambobin nan kuwa su ne abin da na fi sani. Wajen ƙarfe tara wani jirgi ya sauko zai taɓa ƙasa, sai ya sake ɗagawa da ƙara, ya yi zagaye. Ajidan ya yi tsaki ya ce, "Tsuntsayen nan kuma! Wata rana sai sun kashe mana mutane."

Na duba, ungulaye ne, sun yi gungu a ƙarshen filin. To ɗan mahauci ai ya san ungulu ba ta taruwa a banza. Sai rana ta ɗan yi zafi take iya ɗagawa sama, kuma inda aka zubar da tumbi nan take kewayawa. Na zauna na rubuta lokacin tashinsu, da kusurwar da suke fitowa, da abin da ke kiransu. Wallahi ko kaɗan ban tuna ramin wa nake kwatantawa ba, murnar na san abin da sauran ba su sani ba ce ta rufe mini ido.

Mushe ya karanta sau biyu. "A ina ka koyi wannan?"

"A gida, Mushe."

"Aikin naka ne." Ya miƙa wa ajidan shafin ya ce a kai wa kumandan.

Laraba zuwa Juma'a: komawa

Da hantsin Laraba jandarmomi suka zo mayankar, suka ba su kwana uku su tashi. Shekara goma sha biyar Baba Isa yana yanka a wurin. Ya dawo gida ido ja yana cewa, "Ko wane ɗan banza ne ya kai mu?" Na sunkuyar da kai. Duk da halin da yake ciki ya ƙulle mini kilishi in kai wa mahaifina, ya raka ni tasha.

Juma'a ƙarfe biyar na yamma na shiga gida. Aka yi guɗar na samu aiki. Na ja Baba gefe na faɗa masa komai. Ya ce, "Aikin dai, Allah ya sa albarka. Amma gobe za ka koma Garwa ka faɗa wa Isa da bakinka."

Na sake hawa motar banda. Na iske Baba Isa yana kafa rumfa a wani fako nesa da gari, inda ko mai saye ɗaya babu. Na durƙusa na faɗa masa ni ne. Ya ajiye itacen hannunsa ya dube ni.

"Jirgin nan, da mutane a ciki?"

"Da mutane, Baba."

"To, riƙe mini nan in ɗaure."

Na yi shekaru ina rubutu kan jirage, na gode wa mutane da yawa a takarda. Baba Isa bai iya karatun boko ba, kuma kasuwarsa ba ta sake komawa kamar da ba har ya rasu. Godiyar wannan tafiya tasa ce. Allah ya jiƙansa.