Hannun Yaya

Shekara tara yayana bai yi mini magana ba, don kawai na auri Bayarabe. Yayan nawa mahauci ne a kwatar Agege, gidansa ba nisa da nawa, amma ko a hanya muka haɗu sai ya kau da kai. Haihuwata uku, ko barka bai aiko ba.

Wata maƙwabciyarsa ce ta tare ni a kasuwa, ta ce wuƙa ta yanke masa jijiyar hannun dama, matarsa kuma tana Arewa tana jinyar mahaifiyarta. Na ce mata ba ruwana. Washegari sai ga ni a ƙofar ɗakinsa da kwanon tuwo, ina jin haushin kaina.

Na tarar yana kokawa da maɓallin riga da hannu ɗaya. Na dangwarar da kwanon, na ɓalla masa, na kwashi kayansa masu datti na fita da su tsakar gida. Ina dirza ina jira ya ce in yafe masa. Bai ce ba.

Sati uku ina zuwa. Mijin nan nawa da ya tsana shi ke kai shi asibiti wankin ciwo.

Wata rana yana cin abinci ya ce, "Babban yaron naki ajinsa nawa?"

"Mace ce, Yaya," na ce. "Ko wannan ba ka sani ba!"

Ya sunkuyar da kai. Ranar Juma'a na kai masa su ukun suka gaishe shi. Ni dai a bakin ƙofa na tsaya, don raina bai huce ba tukuna.