Ɗan Barakatu da Littafin Turawa

Barakatu mutuniyar Tarai ce, sana'arta kaɗi. Mijinta Isiyaku shi ke tara zarenta da na maƙwabta, ya ɗora wa jaki, ya bi ta Rano ya kai Kano. A shekarar da Turawa suka ci birni, ya tafi da kaya ya bar ta da tsohon ciki da 'yarsu Ramatu. Jakin ya dawo, amma abokin tafiyarsa Nata'ala ne ya koro shi. Ya tsaya a zaure ya kasa ɗaga kai, ya ce ranar da aka fasa ganuwa suna kusa da ƙofa, harsashi ya sami Isiyaku a wuya, kuma a can aka binne shi tare da wasu.

Ta haifi namiji, aka sa masa Ja'afaru. Ba ta sake aure ba. Da mazari da abawa ta ciyar da su.

Da yaron ya tasa, sai saƙo ya zo wa dagaci cewa a ba da yaro ɗaya a kai makarantar boko a Kano. Dagaci ya duba gidansa, ya duba gidajen masu uba, sannan ya aiko a kira maraya. Barakatu ta je ta durƙusa ta roƙa, aka ce mata umarni ne daga sama.

Sai lokacin hutu take ganinsa. Da ya kai ajin da ake koya Turanci, ya zo gida da littafi da aikin da aka ce ya yi kafin ya koma. Da hantsi yakan shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawar bayan gida yana karantawa da ƙarfi, ita tana gefe tana kaɗi. Wata rana ta tsayar da mazarin.

"Ja'afaru, wai me kake ta faɗa haka tun ɗazu?"

"Nahawu ne, Inna. An ba mu labarin ƙasar nan, an ce mu juya maganar. Akwai wadda ake faɗin wanda ya yi abu, akwai wadda ake faɗin abin kawai, a bar mai yi."

"To, faɗa mini da Hausa."

Ya bi layin da yatsa. "An shiga Kano da safe. An fasa ganuwa. An kashe mutane kaɗan."

Ta dube shi, zaren na lilo a hannunta.

"Kaɗan suka ce?"

"Haka aka rubuta, Inna."

"Ai wannan ba sai ka je Kano ba. Mu ma da irinta muke magana. Tun kana ciki ake ce mini an kashe, an binne. Ban taɓa jin wanda ya ce ni ne ba."

Ja'afaru ya san ubansa ya rasu a birni, amma ba a taɓa gaya masa yadda aka yi ba. Ranar ta gaya masa duk abin da Nata'ala ya faɗa, har da takalmin ubansa da aka samo a cikin mangala. Da ta gama ya ja littafin aikinsa ya daɗe yana rubutu.

Sai a hutu na gaba ta ji abin da ya rubuta. Ya juya maganar yadda aka ce, amma ya ƙara layi ɗaya nasa: sojan Turawa ya harbe Isiyaku mai jaki, mutumin Tarai. Malaminsu, wani Bakano mai suna Malam Dalhatu, ya kira shi gefe bayan an tashi. Ya ce nahawun daidai yake, babu kuskure ko ɗaya. Sannan ya yage shafin ya cusa a aljihu, ya ce Bature na zuwa duba littattafai, kuma shi ma yana da iyali.

"Ya doke ka?" in ji Barakatu.

"A'a, Inna. Da zan fita ma sai ya ce Allah ya ji ƙan mahaifina."

"To, ka bar shi haka. Ka yi abin da suka ce, ka gama ka dawo mini."

Bai gama ba. A ƙarshen daminar da annobar mura ta shigo ƙasa, ta kwantar da yaran makarantar, Ja'afaru na cikin waɗanda ba su tashi ba. Kafin labari ya iso Tarai an riga an yi bakwai. Wani ɗan aike ya kawo akwatinsa, da riga biyu, da tabarma, da littattafan. Barakatu ta tambaye shi wa ya yi masa wanka, wa ya sallace shi. Ɗan aiken ya ce shi dai bai sani ba, ba shi kayan aka yi ya kawo.

Ta yi wata guda ba ta taɓa auduga ba. Ramatu, wadda ke aure a Kahu, ta zo ta ɗauke ta, Barakatu ta koma can da zama. A hankali ta koma kaɗi, ta koya wa jikokinta mata, har zarenta ya yi suna wajen masaƙan Kibiya. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya dushe, amma hannunta bai manta ba.

Ta rasu wata ranar Laraba, ana tsakar girbin dawa. Maza duk suna gona, sai da aka tura a kira su.