Tsohon Direba Ya Rako Jikarsa

A tashar jirgin ƙasa nake kallonsa, zaune a gefen benci, bayansa a miƙe kamar soja. Kwat ɗinsa ta koɗe, amma ta sha guga, maɓallanta na ƙarfe sai ƙyalli suke yi. Yana buga faffaɗan tafinsa a gwiwa a hankali, daidai da ƙarar jirgi a kan dogo. Ina jin direban jirgi ne a da, zamanin da iyaye ke nuna direba da baki su ce wa yaro, "Yi karatu ka zama kamarsa."

Jikarsa na tsaye gabansa da akwati, za ta kama aiki a gari mai nisa.

"Kaka, aikin kwamfuta ne fa. Albashina na wata ya fi naka na shekara."

"Tafi can, sarkin iyayi," yana dariya. "Da nawa albashin na gina wa kakarki ɗakin bulo na farko a layinmu. Har kallo ake zuwa." Sai dariyar ta ɗauke. "Amma babanki ya fara tafiya, ya fara magana, duk ina kan hanya."

Jirgi na shigowa. Yana miƙewa kafin kowa, ya karɓe akwatin, tana hana shi yana ture hannunta. A bakin ƙofar tarago kuma ya kasa saki.

"Kuɗi za su zo," in ji shi. "Ke dai ki riƙa zuwa."