Wasan Taubashiyata Ya Raba Ni da Mai Magani

Malam Edita, ni mazauniyar Gwammaja ce, karatuna bai wuce allo da ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci ba. Shekarun baya kaɗan ina goyon fari, ga ni da tsoro, ko atishawa yaron ya yi sai gabana ya faɗi.

A lokacin wata mai tallar magani ke shiga gidaje. Ta dubi ɗana, ta girgiza kai. Ta rage murya ta ce ba kowa take gaya wa ba, amma jinina ya haɗu da nata: bakin mutane ya kama yaron. Ta kawo labarin wata mata a Kabuga da ta ƙi jin maganarta, aka wayi gari ana zaman makoki. Ta rantse, har da ƙwalla. Na karɓi jiƙonta ina ɗura masa a ɓoye. Gudawa ta kama shi, ya rame, maɗigarsa ta faɗa. Na gaya mata, ta ce ai cutar ce ke fita, in ƙara.

Ana nan muka je suna gidan kawuna. Bayan la'asar taubashiyata, wadda ba ta raina abin dariya, ta ɗora ƙwarya a ka, ta shigo tsakar gida tana kwaikwayon masu magani. Ta ɗauki muciya ta goya, ta dube ta, ta girgiza kai, ta ce bakin mutane ya kama muciyar nan. Kafin ta ambaci matar Kabuga, mata sun riga ta faɗa, suna ta shewa. Har ƙwallar sai da ta matso. Kowa na dariya ban da ni. Ashe abin da na ɗauka sirrina ne, haddarsa aka yi, ana rera wa kowace mai goyo.

A ranar na faɗa wa maigida gaskiya. Bai yi faɗa ba, ya ɗauke mu sai asibiti. Allah ya yi da sauran kwana, ga shi yau yana zuwa makarantar allo da ƙafarsa.

'Yan'uwana mata, duk wanda ya fara da tsorata ku, ya biyo da labarin wadda ta mutu, ya rufe da rantsuwa, ku tambayi maƙwabciya ko ita ma haka aka ce mata. Ni sai da na ga an yi wa muciya kuka na gane.